Bangon da Ke Gumi

Asabar, 25 ga Nuwamba, bayan La'asar

Kwana huɗu ke nan da ruwan. Na sayi littafin nan ne don in tsara abin da zan faɗa wa kwamitin kamfani, ga shi tun shafin farko na kauce hanya.

An ce in huta a gida har su gama bincike a kan sito mai lamba huɗu. Hutu! Mutumin da ya shekara shida yana sammako zuwa bayan tashar jiragen ruwa, yau an ce ya kwanta ya kalli silin. Na wanke kayan da ba su yi datti ba, na goge takalmi sau biyu. Da hantsi Ikrama ya buga ƙofa. Shekara ɗaya muka zo Jidda da shi, aikin haɗa magani yake yi, kuma duk inda aka ce aikin gayya a gaba za ka same shi. Ya ce 'yan gida sun haɗu suna gyara gidajen da ambaliya ta ɓata a Hindawiyya, don Allah kawai, kuma ba su da injiniya ko ɗaya. Ya ce, "Abdulƙahar, tashi, zaman nan zai haukata ka." Na tashi.

Gidan da aka ba ni na wata tsohuwa ne, Hajiya Maiturare. A Jidda aka haife ta, iyayenta Kanawa ne da suka zo Hajji a ƙasa ba su koma ba. Turaren wuta take haɗawa, kuma duk da warin taɓo gidan bai daina ƙamshi ba. Ruwa ya kai gwiwa a ciki. Yaɓen bangon ɗakin kwananta ya zube har ƙugu, duwatsu sun fito tsirara.

Shekararta hamsin da ɗaya a gidan. Mai gidan, wani mai suna Turki, ya aiko cewa zai zo ranar Alhamis 14 ga Disamba ya duba. In ya ga gidan bai zaunu ba zai rufe shi. Na tambaye ta ina za ta in an rufe. Ta ce, "Ya waladi, ai ban yi wannan tunanin ba, shi ya sa nake iya barci."

Na ce mata kwana goma sha tara sun ishe ni in tada gida sabo, balle bango ɗaya.

Lahadi, 26, bayan Magariba

Mun wuni kwasar taɓo da shebur da baro. Bayana kamar an daka, amma yau na ci abinci da daɗi.

Akwai wani dattijo a cikinmu, Baba Alkasim, mutumin Damagaram. Magini ne, ya fi shekara arba'in a nan, a hannun tsofaffin maginan Balad, tsohon garin Jidda, ya koyi aiki. Ba ya gaggawar komai, ko shayi sai ya huce yake sha. Ya daɗe tsaye gaban bangon, ya shafa, ya kai yatsa baki ya ɗanɗana. Ni dai na ɗauke kai don kada in yi dariya.

Ya ce, "Bon. Injiniya, wannan dutsen mangabi ne, daga teku aka sassaƙo shi. Yana shan ruwa, yana fitarwa, kamar mutum. A bar shi kwana arba'in ya sha iska, sannan a yaɓe shi da nura."

Nura ita ce farar ƙasar da suke jiƙawa su yi yaɓe da ita, irin ta mutanen da.

Na ce, "Baba, mai gida zai zo nan da kwana goma sha takwas. Siminti za mu sa."

Ya ce, "Siminti zai toshe masa hanci."

Na ce bango ba shi da hanci. Jama'a suka yi dariya. Na ji daɗin dariyar, ba zan ɓoye ba, an kwana biyu ba a yi dariya don maganata ba.

Litinin, 27, da rana

Ba su kira ba.

Talata, 28, bayan La'asar

An kawo siminti buhu shida, wani ɗan kasuwa a Kurayyat ya bayar sadaka. Baba Alkasim ya sake magana, a hankali, bai ɗaga murya ba. Ni ne na ɗaga. Na lissafa masa inda na yi karatu da gine-ginen da na tsaya a kansu, har da waɗanda bai tambaya ba. Ikrama ya ce, "Baba, tunda Allah ya kawo mana mai takarda, a bi nasa." Kowa ya ce haka ne. Mu da muka taso muna ganin duk wanda ya samu hali yana rushe ginin ƙasa ya sa bulo, wa zai gaya mana akwai abin da ya fi siminti?

Dattijon ya ɗauki cokalin gininsa da kwanon sarkinsa, ya ce zai je ya taimaka a gidan da ke ƙarshen lungu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Hajiya ta janye gadonta daga jikin bangon. Wannan ce ta ɓata mini rai fiye da komai.

Alhamis, 30, bayan Magariba

An gama yaɓe. Ni da kaina na riƙe cokali, kuma wallahi ya yi kyau, sumul kamar allo. Hajiya ta leƙo ta ce, "Mashallah, ya muhandis!" Ta sa garwashi a kasko ta zuba mana turaren da ta ce ba ta sayar da irinsa. Har yanzu rigata tana ƙamshi.

Na tsaya ina kallon bangon bayan kowa ya fita. Abu ɗaya dai da na taɓa a watan nan ya tsaya daidai.

Juma'a, 1 ga Disamba, bayan an sauko

Amatullah ta kira daga Zariya. Ta ce muryata ta sauya, ko aiki ne ya yi yawa? Na ce e, aiki ne. Ai ban yi ƙarya ba, aiki nake yi. Shekara goma sha ɗaya da aure ban taɓa auna mata magana da cokali haka ba.

A hanyar masallaci Ikrama ya ce an yi wa Youssouf aiki na biyu a ƙafar, an sa ƙarfe. Youssouf leburan sitonmu ne, ɗan Chadi, shi bangon sito ya faɗo wa ranar ruwan. Ikrama ya ce ɗaki na goma sha biyu yake, hawa na uku, kuma ana shiga dubiya bayan La'asar. Ban tambaye shi ba, shi ya ga damar faɗa. Na ce masa fenti fari za mu sa ko ruwan madara?

Asabar, 2, da safe

Ba su kira ba. Ban je ba.

Litinin, 4, bayan La'asar

Fenti. Ruwan madara Hajiya ta zaɓa. Muka mayar da gadonta jikin bango, inda yake tun tana amarya. Ta jera kwalaben turarenta a kan kanta, ta ba ni shayi da dabino, ta zauna tana ba ni labarin ambaliyar da ta gani a rayuwarta, tana kiranta "sel" irin na mutanen nan. Ta ce kowace ta shigo gidan, kowace ta fita, ita tana nan. Ta tambaye ni me ya sa injiniya guda yake da lokacin tsohuwa a ranar aiki. Na ce hutu nake. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ƙara mini shayi.

Laraba, 6, da hantsi

Hajiya ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ya waladi, bangon nan gumi yake yi."

Na je. Sama da inda simintin ya tsaya, tsohon yaɓe ya yi duhu, danshi ya hau kusan kamu biyu. Wani farin abu ya feso a gefe kamar kanwa. Na ce mata haka sabon aiki yake yi, zai bushe. Na goge da tsumma.

Da ma wata kalmar ta zaɓa. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Alhamis, 7, bayan Azahar

Ba su kira ba. Na goge takalmi.

Juma'a, 8, bayan Magariba

Na koma ni kaɗai da safe, na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Ƙasa-ƙasa yana amsawa kamar ganga. Fenti ya kumbura wuri uku. Akwai tsaga siririya daga kusurwa, jiya babu ita.

Na fi minti goma a lungu ina kai da kawowa kafin in iya taka ƙafa zuwa gidan da Baba Alkasim ke aiki. Na shirya jin "ai na faɗa maka". Da ya faɗa ma da na ji sauƙi. Sai kawai ya wanke hannu ya biyo ni.

Ya fasa wuri kaɗan da guduma, ya zura yatsa. Dutsen da ke baya ya yi laushi, yana marmashewa kamar dambu. Ya ƙara fasawa ya nuna mini itacen da magina suke shimfiɗawa a tsakanin duwatsu don ya riƙe ginin. Ya yi baƙi, jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Ruwan da ya sha yana neman hanyar fita, ka rufe masa. Yanzu ciki yake ci. In itacen nan ya ruɓe, rufin ɗakin a kansa yake."

Na ce, "Kwana nawa?"

Ya ce, "Allah ne masani. Wata biyu, wata shida. In an sake ruwa, dare ɗaya." Ya dubi gadon. "Ai na ce a janye wannan."

Mu biyu muka janye shi.

Asabar, 9, bayan La'asar

Ikrama ya zo da shawara, kuma ba shawarar banza ba ce. Ya ce saura kwana biyar. A toshe ramin da Baba ya fasa, a kankare inda ya kumbura, a sake fenti ranar Laraba. Turki ya zo ya ga bango fes, ya tafi. Bayan nan sai a fasa a yi yadda ya kamata, ba mai sani. In kuwa muka fasa yanzu, abin da mutumin zai tarar ya fi wanda ruwa ya bari muni, kuma tsohuwa ta rasa gida saboda mu.

Na ce, "Bayan ya tafi wa zai dawo? Kowa ya koma aikinsa. Kai ma ka san yadda aikin gayya yake, ranar farko mutum talatin, ranar goma mutum uku."

Ya ce, "Kai za ka dawo mana."

Ranar da kwamiti ya kira, ban san ko iƙamata, takardar zamana a ƙasar, za ta kai ƙarshen wata ba. Kafili, wanda ya ɗauko mutum aiki, ba ya shawara da shi kafin ya buga masa takardar barin ƙasa.

Shawarar ta kwanta mini, abin da ya tsorata ni ke nan. Na san yadda ake yi. Na san irin fentin da ke riƙe danshi kwana uku.

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda littafin nawa ne. Sati biyu kafin ruwan, Youssouf ya tare ni a ƙofar sito ya ce, "Shef, bangon baya yana gumi." Ina sauri, masu dubawa za su zo washegari. Na ce a shafa fenti.

Lahadi, 10, bayan Magariba

Na gaya wa Hajiya komai a kan bangonta. Ban rage ba. Na ce kuskurena ne, Baba ya faɗa na ƙi ji. Na gaya mata shawarar Ikrama, na gaya mata ta Baba, na ce gidanta ne, ita za ta zaɓa. Ina magana ina kallon tabarma kamar yaron da ya fasa tulu.

Ta juya garwashi da ɗan ƙarfe. Can ta ce, "Uban Turki ne ya ba mijina makullin gidan nan. Shekara hamsin da ɗaya ban taɓa rufe masa ido a kan ko ƙusa ba. Yanzu da na kusa kabari zan fara? La, ya waladi. Fasa."

Na ce, "Hajiya, zai iya rufe gidan."

Ta ce, "Zai iya. Halas, na ce fasa." Daga maƙogwaro take fito da kalmar, in ta faɗe ta kuma an gama. Sai ta ƙara da cewa, "Amma kai za ka fasa, da hannunka. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa."

Na ji kunya, na kuma ji wani sauƙi da rabona da shi tun ranar ruwan.

Litinin, 11, bayan La'asar

Sa siminti wuni ɗaya, cire shi kuwa sai wanda ya gwada. Baba ya hana a buga da ƙarfi, kada dutsen ya biyo. Kaɗan-kaɗan, yana zaune a kan bokiti yana cewa, "Dusuma, a hankali, Injiniya, ba faɗa kuke ba." Duk ɓallin da ya faɗo sai wari ya taso, dutsen yana naso. Sauri ya haifi nawa, yau na ga ma'anarta da idona.

Mutum huɗu suka zo. Ikrama yana cikinsu, yana fushi da ni, amma shi ya fi kowa kwasar baraguzai.

Talata, 12, da yamma

Sun kira. Lahadi, ƙarfe tara.

Laraba, 13, bayan Magariba

An gama fasawa. Bangon ya koma abin tausayi, ramuka ko'ina. Baba ya kafa itace biyu ya tokare rufin. Ya nuna mini yadda ake kwaɓa nura da yashi, muka cike tsakanin duwatsun sama inda ya soma bushewa. Sauran sai an jira. Na ga yana cusawa da yatsa, ni ma na zuba hannu na wuni ina yi. Ban lura shi ya shafa mai ya sa safar roba ba sai da yamma, da tafin hannuna ya soma zafi kamar na dafa barkono. Fatar yatsu duk ta tsattsage. Da ƙyar nake riƙe biron nan.

Hajiya ta share tsakar gida, ta sa turare. Ta ce baƙo zai zo gobe, ko me zai yi, baƙo ne.

Alhamis, 14, bayan La'asar

Ya zo ƙarfe goma. Mutum ne mai kimanin hamsin, ba mai yawan magana ba, da makullan mota a hannu kamar wanda ba zai daɗe ba. Ya gaida Hajiya da "ya khala", wato inna, ya sumbaci kanta. Ya shiga ɗakin ya tsaya cik.

Larabcina na wurin aiki ne, ba ya ɗaukar magana mai nauyi, don haka Baba ya yi mana tafinta. Turki ya ce an gaya masa an gyara har an yi fenti, wa ya yi wannan ɓarnar? Na ce ni ne. Ya ce wa ya sa simintin? Na ce ni ne. Ya ce kai wane ne? Na ce injiniya. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, kuma na cancance ta.

Ya zura yatsa a ramin, ya taɓa itacen, ya daɗe yana kallon tokaran. Sannan ya faɗi abin da zai daɗe yana yi mini yawo a ka. Ya ce da ya tarar da fenti, da ya sha shayi ya tafi. Yanzu kuwa ya gani, ba zai iya cewa bai gani ba. Ba zai bar tsohuwa ta kwana ƙarƙashin wannan rufin ba ko dare ɗaya.

Ikrama ya dube ni. Ban ɗago ba.

Hajiya ta ce, "Yalla, faɗi abin da za ka faɗa, ya Turki, ƙafata ta gaji."

Ya tambayi Baba kwana nawa. Baba ya ce arba'in daga yau, sannan yaɓe, sannan sati biyu. Turki ya ce ta fita yau. In wa'adin ya cika zai dawo, kuma bai yi alkawarin komai ba. Ya miƙa hannu, Hajiya ta kwance makullin daga bakin gyalenta ta ba shi.

Ya juya makullin a tafinsa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya miƙa wa Baba Alkasim. Ya ce a riƙa buɗe tagogi da safe.

Maƙwabciyarta ta ba ta ɗaki. Mun kwashe kwalabe da gado da akwati biyu, tafiya takwas. Ina ta ba ta haƙuri har ta gaji ta ce, "Kai, ishe ni. Bango ya shiga wankan jego, in ya yi arba'in ma dawo." Kaskon turarenta kaɗai ta hana a ɗauka. Ta ce a bar shi a tsakar ɗakin, gida ya san da mai shi.

Na raba ta da ɗakinta wata biyu, wataƙila har abada. Da na ji maganar dattijo tun farko, da yau bangon ya yi rabin bushewa. Wannan ba fentin da zai rufe shi.

Juma'a, 15, bayan an sauko

Na buɗe tagogi da safe, ni da Baba. Na kira Amatullah na gaya mata komai, har da sito da Youssouf. Ta ce, "Tun ranar farko na san akwai magana. Ka je ka duba shi?"

Asabar, 16, bayan Magariba

Na je.

Hawa na uku, ɗaki na goma sha biyu. Na tsaya a ƙofa da ledar lemo har wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko ɓata na yi. Ya rame. Ƙafar tana rataye, ƙarafa sun fito ta gefe. Duk abin da na haddace a mota ya gudu. Na yi sallama, ya amsa, na zauna.

Bai yi maganar ƙafar ba. Hannuna ya kalla.

Ya ce, "Shef, nura ka taɓa?"

Na ce e.

"Ba safa?"

Na ce ba safa.

Ya girgiza kai. "A garinmu da ita muke shafe gida. Ka wanke da ruwan tsami, ka shafa man zaitun, kwana uku ya warke. Da ka tambayi wani ai da an gaya maka."

Na ce, "An gaya mini abubuwa da yawa, Youssouf."

Na ɓare masa lemo da yatsun nan, ruwan yana shiga tsagar yana yi mini zafi, ban daina ba.

Na ce, "Gobe ƙarfe tara zan shiga gaban kwamiti. Zan ce ka gaya mini. Zan faɗi ranar, zan faɗi abin da na ce maka."

Ya ce, "Za su kore ka, Shef."

Na ce na sani.

Ya karɓi lemon ya raba biyu, ya miƙo mini rabi.

Na bar wa Baba saƙo cewa gobe zan makara, ya buɗe tagogin kada ya jira ni.